An Tashi Taro, Kowa Da Abin Da Ya Ji

Yau so nake in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce ƙarami ne, wato yadda muke gudanar da taron ƙungiyoyinmu da na kwamitocinmu. Ni ma da haka na ɗauke shi, sai da na ga ya raba mutanen da suka fi shekara 20 suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Ni dai ba mai zurfin karatu ba ne. Sakandare na gama, na dawo rumfar mahaifina a nan Badun ina taya shi cinikin goro. Saboda haka abin da zan faɗa a kan tabarmar taro na koye shi, kuma da ciwo na koye shi.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta 'yan garinmu, mu 64, kowa yana zuba naira 1,000 duk wata saboda ranar tsiya: rashin lafiya, gobara, belin wanda aka kama, ko kuɗin motar wanda kasuwa ta karye masa yake son komawa gida. Sai Allah Ya yi wa ɗaya daga cikinmu rasuwa, ya bar mata da 'ya'ya huɗu, ya kuma bar bashin kaya a kansa. Bayan sadakar bakwai aka kira taro a zauren wani dattijo bayan sallar isha'i. Wani ya ce a fitar da dubu 200 a taimaka wa iyalin. Wani ya ce babban taimakon da za a yi wa mamaci shi ne a sauke masa bashi. Wani ya shigo da zancen kuɗin hayar ɗakin da suke ciki, wani kuma ya tuno da wani alkawari da aka yi masa tun bara ba a cika ba. Murya ta hau kan murya, ana cikin haka aka ɗauke wuta, ga hadari ya taso. Sai shugaba ya ce, "To shi ke nan, an gama magana, a fitar da dubu ɗari biyun, Allah Ya sa albarka." Aka shafa fatiha, kowa ya laluba takalminsa.

Washegari ma'ajinmu, dattijon da ya riƙe asusun nan shekara da shekaru ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai ba, ya ɗauki dubu 200 ya rarraba wa masu bin marigayi bashi, domin abin da kunnensa ya ji ke nan. Rabin mutanen da suka zauna a zauren kuwa sun tashi ne da cewa a hannun matar za a danƙa kuɗin, har an aika mata da albishir. Baiwar Allah ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, tana jiran kuɗin da za ta kwashi yaranta ta koma gida. Da magana ta fito sai aka fara raɗe-raɗi, wai ma'aji ya fifita abokinsa ne, saboda ɗaya daga cikin masu bin bashin amininsa ne kuma yana zaune a wurin taron. A zama na gaba na ga abin da ban taɓa gani ba: dattijo mai furfura yana hawaye a gaban yara, ya ajiye littafin asusu a kan tabarma ya fita. Mutum kusan 20 suka daina zubi.

Jama'a, abin da ya fi damuna a cikin wannan labari shi ne babu wanda ya yi ƙarya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tambaya, kowa yana iya dafa Alƙur'ani a kan abin da ya ji. Ba a ci kuɗi ba, ba a yi ha'inci ba. Abin da ya faru kawai shi ne an tashi taro ba tare da an tsayar da magana ɗaya an maimaita ta kowa ya ji, an ƙirga waɗanda suka yarda, an kuma rubuta ba.

Bayan wannan ne aka ce tunda na yi makaranta in zama sakatare. Na tsorata ƙwarai, don ban san ta inda ake farawa ba. Na shiga tambayar waɗanda suka taɓa riƙe ƙungiyoyin ɗalibai da na direbobi, na kuma yi ta karance-karance a waya. A nan na ci karo da labarin wani sojan Amurka, injiniya, mai suna Henry Robert. A shekarar 1863 aka ce ya jagoranci wani taro a cocinsu, taron ya rikice masa ya ji kunya, ya ɗauki alkawarin ba zai sake zama a kujerar shugaba ba sai ya san ƙa'ida. Daga baya aiki ya kai shi birnin San Francisco, inda mutane suka taru daga jihohi daban-daban, kowa da irin tsarin taron da ya baro a garinsu, kullum ana cikin jayayya. Wannan ya sa a 1876 ya fitar da littafinsa na ƙa'idojin taro, wanda aka fi sani da Robert's Rules of Order, kuma har yanzu ƙungiyoyi da yawa a can da shi suke aiki. Da na karanta sai na ce ashe ciwon namu ne. A gida, idan magana ta rikice akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai kawu da baffa da za su tsawatar. A nan Kurmi kuwa Bakano ne da Basakkwace da Bazazzagi da mutumin Maraɗi a tabarma ɗaya, kowa da yadda ya saba. Idan babu ƙa'idar da kowa ya amince da ita, to mai ƙarfin murya ko mai kaurin aljihu shi ne ƙa'ida.

Littafin nasu babba ne, mu ba ma bukatar duka. Abin da na tsamo, muka kuma gwada ya yi mana aiki, bai wuce abubuwa bakwai ba.

Na farko, sanarwa da ajanda. A gaya wa kowa ranar taro da wuri da lokaci, da abin da za a tattauna, aƙalla kwana uku kafin ranar. Mu yanzu saƙon murya muke turawa a WhatsApp saboda waɗanda ba sa karanta boko. Maganar kuɗi mai nauyi ba a yanke ta idan ba ta cikin ajanda, don kada a jira ranar da wane ya yi tafiya a zartar da abu a bayan idonsa.

Na biyu, adadin mutanen da dole su hallara kafin taro ya zama taro. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 54, ya ce sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun hallara: Majalisar Dattawa mai mutum 109 tana bukatar 37, ta Wakilai mai 360 tana bukatar 120. Mu ma muka ɗauki ɗaya cikin uku, wato mutum 22. Idan ba a kai ba, a sha shayi a gaisa, amma ba a taɓa asusu.

Na uku, shugaba alƙalin wasa ne. Aikinsa ya ba da dama a yi magana ɗaya bayan ɗaya, ya hana katsalandan, ya dawo da wanda ya kauce hanya. A sashe na 56 na wannan kundi, mai jagorantar zaman majalisa ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. A wurinmu wannan ya fi muhimmanci, saboda tarbiyyarmu: idan Alhaji ya riga ya faɗi ra'ayinsa, wane yaro ne zai ɗaga hannu ya ce shi ba haka ya gani ba? Don haka muka roƙi shugabanmu ya riƙa jin na ƙasa tukuna, manya su biyo baya, shi ya zo a ƙarshe. Abin mamaki, shi ya fi kowa jin daɗin tsarin, ya ce yanzu ne yake jin abin da ke cikin mutane.

Na huɗu, ƙuduri. Wannan shi ne ainihin abin da muka rasa a daren nan. Surutu daban, ƙuduri daban. Ƙuduri shi ne mutum ɗaya ya miƙe ya faɗi abin da yake so a yi cikin magana ɗaya da ta amsa tambaya huɗu: me za a yi, nawa ne, wa zai yi ko wa za a ba, kuma yaushe. Misali: "Na kawo ƙudurin a ba matar marigayi naira dubu 200, kyauta, a hannunta, kafin ƙarshen wata." Sai wani ya ce ya goyi baya. Amfanin mai goyon baya shi ne a tabbatar aƙalla mutum biyu ne ke son a tattauna batun, don kada mutum ɗaya ya cinye wa jama'a dare. Daga nan ba a shigo da wata magana sai an gama da wannan. Wanda yake ganin bashi ya kamata a biya, sai ya kawo gyara, a fara yanke hukunci a kan gyaran, sannan a dawo kan ƙudurin. Da mun yi haka, da saɓanin ya fito fili tun a zauren, kafin a ɗauke wuta.

Na biyar, kafin a yanke hukunci sakatare ya karanta ƙudurin da ƙarfi yadda aka rubuta shi, sannan a ƙirga. Kalmar "kowa ya yarda ko?" ita ce ta kashe mu, domin shirun Bahaushe a gaban manya ba koyaushe yake nufin yarda ba. A ƙirga masu so, a ƙirga waɗanda ba sa so, a faɗi adadi. Abu na yau da kullum rinjaye ya isa. Canza dokar ƙungiya ko cire shugaba kuwa sai kashi biyu cikin uku, kamar yadda gyaran tsarin mulkin ƙasa yake bukatar biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Kuma duk wanda maganar ta shafi aljihunsa, kamar mai bin bashin nan, ya faɗi abin da ya sani ya fita waje har a gama. Wannan kariya ce gare shi da kuma abokansa.

Na shida, rubutaccen bayanin taro, wanda muke kira minit. Ba a rubuta wane ya ce, wane ya mayar masa, don wannan tsegumi zai haifar. Abin da ake rubutawa shi ne rana, waɗanda suka halarta, ƙudurin da aka kawo, wanda ya kawo shi, da yadda ƙuri'a ta kaya. A zama na gaba shi ake fara karantawa, mai gyara ya yi gyara, shugaba da sakatare su sa hannu. Daga ranar babu sauran "ni ba haka na ji ba."

Na bakwai, kwamiti. Mun saba da cewa idan ana son a binne magana sai a ce an kafa kwamiti. Dalili shi ne ana kafa shi ba hurumi, ba wa'adi. Kwamitin kirki mutum uku ne ko biyar ko bakwai, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A rubuta masa aikinsa, a sa masa ranar kawo rahoto, a kuma fayyace ko shawara zai kawo ko an ba shi ikon kashe kuɗi, kuma har nawa. Kwamiti ɗan aike ne, wanda ya aike shi shi ne babban taro, gare shi zai dawo. A cikin kwamiti ana iya sassauta ƙa'ida tunda mutanen kaɗan ne, amma ko mutum uku ne sai an rubuta abin da suka tsayar.

Yanzu bari in zo kan abin da ake faɗa mini, don ba kowa ne ya karɓi wannan abu hannu biyu ba, har a gidanmu. Da na fara kawo maganar, mahaifina ya dube ni ya ce, "Kai yaro, mu da muka shekara talatin muna ba da goro bashi daga nan har Sakkwato da baki kawai, yau kai ne za ka koya mana takarda?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ku gafarce ni, ai ni a wurinku na gani. Littafin nan da kuke rubuta huhun goro da ajami, wane ya ɗauki kaza, saura kaza, ai ba don kuna zargin kowa kuke rubutawa ba." Ya yi shiru, can ya ce, "Wannan don mantuwa ne." Na ce, "To Baba, mu ma don mantuwa ne." Bai ce na yi gaskiya ba, kun san halin iyayenmu, amma a zama na gaba shi ya fara cewa a bar yaron nan ya karanta abin da ya rubuta. Kuma duk wanda ya zauna gaban malamai ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubuta amana ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Wasu kuma suna cewa ƙuri'a tana kawo gaba, gara a yi maslaha. Na yarda da rabin wannan magana. Idan an tattauna kowa ya gamsu, babu bukatar ɗaga hannu, sai shugaba ya tambaya ko akwai mai ja, idan babu a rubuta an amince baki ɗaya. Amma idan akwai saɓani, ɓoye shi ba ya kashe shi, fita yake yi ya koma rumfuna da wurin mai shayi. Na kuma san da wuya yaron da ke kwana a shagon maigidansa ya ɗaga hannu ya saɓa masa a bainar jama'a. Saboda haka a magana mai zafi muke yin ƙuri'ar sirri irin tamu: kowa a ba shi ƙwayar wake da ta masara, wake na nufin e, masara na nufin a'a, ya jefa ɗaya a cikin ƙwarya a rufe. Ba sai ka iya karatu ba, kuma babu wanda ya san abin da ka jefa.

Akwai masu cewa 'yan majalisar da nake misali da su ai dambe suke yi. Gaskiya ne, har a watan Afrilu na 2018 wasu suka kutsa zauren Majalisar Dattawa suka sure sandar majalisa suka gudu da ita. Amma mai karya doka ba ya zama hujjar a zauna babu doka, kamar yadda mai tauye mudu bai sa an daina awo a kasuwa ba.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na masu tsoron kada 'yan boko su mayar da ƙa'ida makami, su riƙa jefa kalmomin Turanci suna rufe bakin dattawa. Wannan yana faruwa, na gani da idona a wasu wurare. Maganinsa shi ne dokar taro ta zama gajeriya, shafi ɗaya ko biyu, da Hausa, a karanta wa kowa ya ji ya amince kafin ta fara aiki. Ko tsarin mulkin ƙasa, a sashe na 55, ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci cikin harsunan da majalisar tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadi. To don me mu a zaurenmu za mu takura wa kanmu da harshen da rabinmu ba sa ji? Ƙa'idar da mai dako da mai wankin takalmi ba za su iya riƙe ta a ka ba, ba tamu ba ce.

'Yan uwa, akwai dalilin da ya sa wannan ya fi zama dole a kanmu fiye da waɗanda ke gida. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, amma har gobe idan abu ya tashi baƙi ake kiran mu. Mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021. Allah Ya kiyaye gaba. A irin wannan rana, idan za a zauna sulhu ko za a raba tallafi, tambayar farko ita ce su wane ne wakilanku, wa ya zaɓe su, ina sunayen mutanenku. Jama'ar da ba ta saba tsayar da magana ɗaya a lokacin zaman lafiya ba, ba za ta iya ba a ranar firgici, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko a harkar yau da kullum, banki ba ya buɗe wa ƙungiya asusu sai da takardar da ke nuna waɗanda aka amince su sa hannu, hukumar CAC ma idan za ta yi wa ƙungiya rajista tana neman dokar ƙungiyar da minit na taron da aka zaɓi amintattu. Muddin babu waɗannan, kuɗin jama'a zai ci gaba da kwana a aljihun mutum ɗaya, shi da amana, shi da zargi.

Ku bar ni in ƙarasa muku labarin da na fara. Taron farko da muka yi da sabon tsari, mutum 31 suka zo. Wani matashi mai sayar da albasa, wanda ban taɓa jin muryarsa a taro ba, shi ya kawo ƙudurin a yi karo-karo na musamman a ba matar marigayi dubu 200 a hannunta cikin mako biyu. Aka goyi baya, aka tattauna, na karanta, aka ƙirga: 28 suka yarda, 3 suka ƙi, kuma ukun nan sun biya nasu kason ba tare da ɓacin rai ba, don an ji ta bakinsu. Ƙuduri na biyu shi ne a rubuta a littafi cewa tsohon ma'aji bai ci amana ba, a kuma tura dattawa uku su ba shi haƙuri. Matar ta koma gida da 'ya'yanta. Dattijon ya haƙura, ya dawo yana zubi, yana zama a bayan zaure. Amma da aka roƙe shi ya sake karɓar asusu sai ya girgiza kai ya ce ya yafe. Har yau idan na gan shi sai in ji nauyi, domin minti biyar na karatu da ƙirga a wancan dare da sun tsare masa mutuncin da ya shekara yana ginawa.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ke cikin wata ƙungiya, ta 'yan kasuwa ce, ta masallaci ce, ta 'yan acaɓa ce ko ta matasan unguwa, a zamanku na gaba kada ku bari a shafa fatiha sai wani ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Allah Ya gafarta malam, a maimaita mana abin da aka tsayar, a kuma rubuta." Littafin makaranta ɗaya da biro ɗaya sun isa a fara. Wanda kuma yake da wata dabara da ta yi musu aiki a garin da yake zaune, don Allah ya sanar da mu mu ƙaru. Inda na yi kuskure a gyara mini, yaro ne ni a cikinku.

Allah Ya haɗa kanmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya mayar da kowa gida lafiya.

Naku, ɗan mai goro daga Badun.